Yadda Ake Yi Idan Antibairos Ya Hana Ka Ɗora Manhajar Kyauta

Wani dare bayan mun taso daga sallar isha'i a Harami, wani ɗalibi ɗan Damagaram da muke unguwa ɗaya a nan Madina ya biyo ni gida da kwamfutarsa a hammata. Abokinsa ne ya rubuta wata 'yar manhaja ta rabon gado, ka zuba mata magada ta fitar maka da asalin mas'ala da rabon kowa, ya raba wa 'yan ajinsu kyauta. Sau uku yana sauke ta, sau uku fayil ɗin yana ɓacewa kafin ya kai ga buɗe shi.

"Malam, an ce in kashe antibairos ɗin kawai. Ta ina ake kashe shi?"

Na ce masa, "Ustaz, zauna tukuna a kawo shayi." Kafin shayin ya huce manhajar ta hau, kuma ba mu kashe komai ba.

Wannan shawara ta "kashe shi kawai" ita ce ke damuna, don na sha jin ta a bakin masu gyara da ya kamata a ce sun fi kowa sani. Gaskiya ne antibairos yana kuskure, yakan kama mai gaskiya ya ce ɓarawo ne. A watan Afrilun 2010 wani sabuntawa na antibairos ɗin McAfee ya ɗauki svchost.exe, ɗaya daga cikin fayilolin Windows XP kanta, a matsayin cuta, kwamfutocin ma'aikatu masu yawa suka dinga mutuwa suna tashi. A 2011 kuma antibairos ɗin Microsoft ya goge wa mutane Chrome bisa zargin cewa manhajar satar bayanan banki ce. To amma ta ina ka san naka kuskure ne? Wannan ake fara warwarewa, sannan a buɗe wa fayil ɗaya ƙofa, a bar sauran gidan a kulle.

Me ya sa manhajar kyauta ta fi shan wannan zargi

Antibairos yana da hanya biyu ta gane cuta. Akwai waɗanda ya san fuskarsu, an riga an kama su an rubuta siffarsu. Amma sababbin da ake ƙirƙira kullum sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka yake kuma aiki da zato: ya dubi yadda aka naɗe fayil, da abin da yake ƙoƙarin taɓawa, da yawan mutanen da suka taɓa amfani da shi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Manhajar da mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa tana faɗawa cikin wannan zato ta ko'ina. Ba ta da sa hannun mai ita, domin takardar shaidar sa hannu ana biyan ta ɗaruruwan riyal duk shekara, kuma wanda ke bayarwa kyauta ba kasafai yake iya ɗaukar wannan ba. Ba ta da jama'a, wataƙila mutum talatin ne kawai suka taɓa buɗe ta. Sau da yawa kuma da Python, wani harshen rubuta manhaja, aka rubuta ta aka ƙunshe da PyInstaller, ko aka matse ta da UPX, kayan aikin da masu rubuta cuta su ma suke amfani da su. Wasu manhajojin kuma aikinsu na halal ne ya yi kama da na ɓarayi. Wadda za ta ba ka damar buga ƙ da ɗ da ɓ dole ta saurari abin da kake dannawa a allon rubutu, wanda shi ne aikin manhajar satar kalmar sirri. Wadda ke ɗora Windows a filashi dole ta goge filashin ta rubuta a gindinsa. Kama da wane ba ta wane, amma inji bai san wannan ba sai an gaya masa.

Abu ɗaya zan raba tun yanzu. Manhajar kyauta ita ce wadda mai ita ya ce a ɗauka: VLC, LibreOffice, GIMP, Audacity, 7-Zip, Maktaba Shamila da ɗalibai ba sa rabuwa da ita. Office ko Photoshop da aka fasa wa makulli, wanda ake cewa kirak, ba ya cikin wannan bayani. Idan antibairos ya yi kuka a kan kirak, ka ɗauka gaskiya ya faɗa. Wanda ya fasa kayan wani ya raba a banza, ba abin da zai hana shi cusa nasa a ciki, kuma ta nan ne aka fi kwashe wa mutane kalmomin sirrin da suka adana a burauza.

Mataki na 1: gano wanda ya tare ka

Masu gadi uku ne a hanya, kuma mutane suna kiran su duka antibairos.

Na farko burauza ce. Chrome ko Edge na iya cewa ba a saba sauke wannan fayil ba. Na biyu shi ne shuɗin allon nan mai cewa "Windows protected your PC", wato SmartScreen. Waɗannan biyun yawanci ba cewa suke sun ga cuta ba, cewa suke ba su san fayil ɗin ba. Na uku shi ne antibairos na ainihi, wanda ke ɗauke fayil ya killace shi, ya kuma kira shi da sunan wata cuta.

Idan na ukun ne, buɗe "Windows Security", shiga "Virus & threat protection", sannan "Protection history". Wasu kwamfutocin da ake saya a nan da Larabci suke zuwa, amma jerin wuraren bai canza ba, alamar garkuwar nan za ka bi. Danna abin da aka kama, ka kwafe sunan a takarda harafi da harafi, don sunan yana magana. Idan ka ga ya ƙare da !ml, kamar Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, inji ne ya yi hasashe, ba wani masani ne ya zauna ya tantance ba. Haka kalmomin Generic da Gen da Heur da Suspicious a wasu antibairos ɗin, duk zato ne. Idan ya fara da PUA ko PUP, ana nufin manhajar da wataƙila ba ka so, irin mai jawo talla ko mai shigo da wata a bayanta. HackTool na nufin kayan aikin da ake iya ɓarna da shi. Amma in ka ga sunan wani dangin cuta takamaimai tare da kalma irin Ransom ko Stealer ko Backdoor, ka ja da baya. Sunan zato ma bai wanke fayil ba, abin da ya ba ka kawai shi ne dalilin ci gaba da bincike.

Mataki na 2: daga ina ka samo shi

A nan rabin shari'ar take ƙarewa. Danna Ctrl da J a burauza, jerin abin da ka sauke zai fito tare da adireshin da ya fito. Karanta shi da kyau. VLC daga videolan.org take, LibreOffice daga libreoffice.org, GIMP daga gimp.org, Audacity daga audacityteam.org, Rufus daga rufus.ie, 7-Zip kuma daga 7-zip.org, da ɗan layin nan a tsakiya. Harafi ɗaya in ya sauya, wani gida ne daban.

Kada ka danna sakamakon farko a Google idan an rubuta masa alamar talla. A Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna sayen talla da sunan sanannun manhajoji, su kai mutum shafin da ya yi kama da na gaskiya sak. Su ma manyan shafukan tara manhajoji ba abin sakin jiki ba ne: a 2015 masu GIMP sun fito sun koka cewa SourceForge yana raba manhajarsu ta Windows a naɗe da kayan talla. Fayil ɗin da aka turo a guruf na WhatsApp ko Telegram, ko aka kwafo a filashin da ya zaga ɗakuna goma, ba shi da asalin da za ka bi, ko da mutumin kirki ne ya ba ka. Shi ma wani ne ya ba shi.

Idan ba daga gidan mai ita ta fito ba, goge ta ka sauko da sabuwa. In tana cikin Microsoft Store, ɗauko ta can. Akwai kuma winget da ke zuwa da Windows 11 da sababbin Windows 10: ka buɗe PowerShell, wurin rubuta wa Windows umarni, ka rubuta winget install VideoLAN.VLC, shi zai nemo ta, ya gwada hatiminta, ya ɗora. Sau da yawa matsalar a nan take mutuwa.

Shi ɗalibin nan namu, manhajarsa ba ta da shafi. Sai na ce ya kira wanda ya rubuta ta a waya, ya turo masa da hannunsa, ya kuma faɗi girman fayil ɗin. Wanda ke yawo a guruf da wanda mai ita ya turo suka zo daidai.

Mataki na 3: duba sa hannu da hatimi

Danna fayil ɗin da maɓallin dama na maus, zaɓi "Properties". Idan akwai shafin "Digital Signatures", buɗe shi, danna sunan da ke ciki, sannan "Details". Abu biyu kake nema: a ce sa hannun lafiya yake, kuma sunan ya zama na masu manhajar, misali VideoLAN ga VLC. Sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba a kan sananniyar manhaja alama ce mara kyau. Rashin sa hannu kuwa ba laifi ba ne shi kaɗai, manhajojin kirki da yawa ba su da shi.

Hatimin kuma shi ake kira SHA-256, jerin haruffa da lambobi 64 da ake lissafowa daga cikin fayil. Ko ɗigo aka canza a fayil ɗin, jerin gaba ɗaya zai birkice. Masu manhaja da yawa suna rubuta nasu a gefen wurin saukewa. Don ka ga naka, riƙe Shift ka danna fayil da maɓallin dama, zaɓi "Copy as path", buɗe PowerShell, rubuta Get-FileHash, bar tazara, manna abin da ka kwafa, danna Enter. Gwada abin da ya fito da na shafinsu. Idan sun saɓa, ba fayil ɗinsu ne a hannunka ba, ko kuma saukewar ta yanke a hanya.

In antibairos yana ɗauke fayil ɗin kafin ka taɓa shi, kwafi hatimin da ke shafin masu manhajar ka tafi da shi mataki na gaba.

Mataki na 4: ji ta bakin sauran masu gadi

Shiga virustotal.com. Wani kamfanin Sifaniya ne ya buɗe shi a 2004, Google ya saye shi a 2012. Kana ɗora fayil, har mai girman megabait 650, ko ka manna hatiminsa a wurin bincike, sai antibairos wajen 70 su duba shi kowa ya faɗi ra'ayinsa. Kafin komai: duk abin da ka ɗora a can, masu binciken tsaro suna iya sauke shi. Manhaja kawai ake kaiwa. Kada ka kai hoton iƙama, ko fasfo, ko risalarka ta digiri da ba a tattauna ba.

Karanta sakamakon shi ne inda mutane ke ruɗewa, don ganin jan rubutu ko ɗaya ne yana tayar da hankali. Ni ga yadda nake auna shi. Idan biyu ko uku ne suka yi kuka cikin saba'in, sunayensu ba sanannu ba, kuma abin da suka rubuta irin na zato ne, alhali Kaspersky da ESET da Bitdefender da sauran manya sun yi shiru, hankalina yakan kwanta. Idan goma sha ne ko ashirin, da manya a ciki, kuma suna maimaita sunan dangin cuta ɗaya, magana ta ƙare, a goge. Tsakanin nan kuwa, shida ko takwas, ba na gaggawa.

Shafin "Details" yana nuna ranar da aka fara kawo fayil ɗin. Wannan ranar ta fi yawan jan rubutu amfani a wurina. Fayil ɗin da ya shekara yana yawo kuma har yau biyu ne ke zarginsa, da cuta ce da tuni an gano. Wanda aka fara gani jiya kuwa, ko babu mai zarginsa, shirun ba shaida ba ne, wataƙila ba su kai gare shi ba tukuna. Ka ba shi kwana uku, ka dawo ka danna "Reanalyze". Idan adadin yana raguwa, kuskure ne ake gyarawa. Idan yana hawa, Allah ya tsare ka.

Kada kuma sanannen suna ya sa ka rufe ido. A 2017 ɓarayi sun shiga wurin da ake haɗa CCleaner, suka cusa cuta a fitowa ta 5.33, ta fita daga shafin kamfanin da sa hannu ingantacce, ta hau kwamfuta fiye da miliyan 2. A shekarar ce kuma aka sauya fayil ɗin HandBrake na Mac a ɗaya daga cikin wuraren sauke shi. Saboda haka idan manhajar da ka shekara kana amfani da ita ta yi sabuntawa, sai ga manyan antibairos sun taso mata a tare, tsaya a tsohuwar fitowa har masu ita su yi bayani.

Manhajar gadon nan, huɗu ne suka zarge ta, duka da sunayen zato, kuma a shafin bayananta an nuna da PyInstaller aka ƙunshe ta. Ga mai ita mun san shi, mun yi magana da shi. Na ce masa, "Ustaz, wannan za mu iya buɗe mata."

Mataki na 5: sabunta, ka sake gwadawa

A "Virus & threat protection" akwai wurin "Protection updates", danna "Check for updates". Ana fitar da sabon bayani sau da yawa a rana, kuma kuskuren da ya shafi sananniyar manhaja ba ya daɗewa. In kana da antibairos biyu a kwamfuta ɗaya, cire ɗaya. Irin na gwaji da ke zuwa da sabuwar kwamfuta, wa'adinsa ya ƙare ya daina sabuntawa, shi ya fi cancanta a cire.

Mataki na 6: buɗe wa fayil ɗaya

Idan burauza ce ta tare, a jerin saukewa akwai zaɓin "Keep". Idan shuɗin allo ne, danna "More info", sai "Run anyway" ya bayyana. A wasu kwamfutocin Windows 11 akwai "Smart App Control", wanda ba ya ba da damar ɗaga wa fayil ɗaya ƙafa. Idan shi ne, ni shawarata ka nemi manhajar a Microsoft Store ko wata mai aiki irin nata, kafin ka yi tunanin kashe shi.

Idan an killace fayil ɗin, koma "Protection history", danna shi, a ƙarƙashin "Actions" za ka ga "Restore" ko "Allow". Ka lura da wannan, don ba kowa ya sani ba: "Allow" sunan cutar yake yafewa. Gobe idan cuta ta gaske ta zo aka kira ta da wannan sunan, tana iya wucewa. Shi ya sa na fi son keɓewa. Ƙirƙiri sabuwar folda ka ba ta sunan manhajar. Shiga "Manage settings", gangara zuwa "Exclusions", danna "Add or remove exclusions", zaɓi wannan foldar, sannan ka sauke fayil ɗin kai tsaye cikinta. Bayan ta hau, cire keɓewar foldar. In antibairos ya sake kama manhajar a inda ta zauna, keɓe fayil ɗinta shi kaɗai.

Na taɓa karɓar kwamfutar wani Alhaji mai hidimar 'yan Umara, da ya kai gyara wani shago. Da na buɗe wurin keɓewa, sai na tarar an sa C: gaba ɗaya. Garkuwar tana nan koriya, tana cewa komai lafiya, alhali wata takwas ba ta duba ko fayil ɗaya ba, ga hotunan fasfo na mutane cike da kwamfutar. Na ce, "Alhaji, wa ya yi wannan?" Ya ce yaron shagon ne, don wata manhaja ta ƙi hawa. Abu uku ba a keɓe su ko da wasa: C: gaba ɗaya, foldar "Downloads", da nau'in fayil na exe.

In zuciyarka ba ta gama natsuwa ba kuma Windows ɗinka Pro ce, akwai "Windows Sandbox" tun 2019. Ana kunna shi a "Turn Windows features on or off". Yana buɗe wata Windows ta wucin gadi, ka gwada manhajar a ciki, kana rufewa komai ya shafe. Zai nuna maka ko tana shigo da tarkace, ko da yake wata cutar takan yi lamo idan ta gane gwada ta ake.

Duk wannan a kwamfutarka ne. Ta wurin aiki ko ta jami'a, kada ka taɓa saitinta, kai wa masu kula da ita sunan manhajar. Saudiyya, ƙasar da ta ga abin da cutar Shamoon ta yi wa kamfanin man Aramco a watan Agustan 2012, kwamfuta kusan 30,000 a goge, ba ta ɗaukar wannan da sauƙi, kuma kai baƙo ne mai iƙama.

Mataki na 7: kai rahoto

Wannan minti biyar ne, kuma shi ke raba na bayanka da wahalar. Microsoft na karɓar fayil a microsoft.com/wdsi/filesubmission, ka zaɓi cewa an kama shi bisa kuskure, ka rubuta sunan da ka kwafa a mataki na 1 da inda ka samo shi. Kaspersky da Avast da ESET da sauransu kowa yana da irin wannan shafi. Ka sanar da mai manhajar ma, don rahoton da ya fito daga gare shi ya fi nauyi. Na sa abokin ɗalibin nan ya yi hakan, na kuma ce duk fitowar da zai raba nan gaba ya rubuta hatiminta a ƙarƙashi.

Idan ka riga ka kashe ka ɗora

Kunna shi yanzu. Duba "Exclusions" da "Allowed threats", cire duk abin da ba kai ka sa da saninka ba. A "Scan options" zaɓi "Microsoft Defender Offline scan", kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ta buɗe, lokacin da cuta ba ta samu damar ɓuya ba. Bayansa ka yi cikakken sikanin.

Idan abin da ka ɗora kirak ne, ko binciken ya kama wani abu, ka ɗauka duk kalmar sirrin da ke adane a burauzar ta fita. Canza su daga wayarka, ba daga kwamfutar ba. Fara da imel, domin ta nan ake sake saita sauran, sannan banki, sannan manhajojin gwamnatin Saudiyya, Absher da Nusuk, da shafin jami'a. A imel da Facebook ka nemi wurin fitar da duk na'urorin da ke ciki, don ɓarawon da ya kwashi bayanan shiga yana iya zama a ciki ko bayan ka canza kalmar. In ka taɓa adana lambar kati a burauzar, kira bankinka ta lambar da ke bayan katin a dakatar da shi a ba ka sabo. Sai ka kwashe takardunka da hotunanka kawai zuwa filashi, ban da manhajoji, a yi wa kwamfutar fomat.